Bargon da Ake Ɗinkawa da Tufafin Mamaci

A shekarar 1942, a wani ƙauyen baƙaƙen fata da kogin Alabama ya kusa zagayewa a kudancin Amurka, wata mata mai suna Missouri Pettway ta tattara kayan gonar mijinta Nathaniel, wanda ya rasu bayan ya sha jinya. Ba wasu kayan a zo a gani ba ne: wandunan aiki da suka koɗe a gwiwa, da riguna da rana da gumi suka cinye. Ta kira 'yarta Arlonzia ta taya ta farke su. Ƙafar wando tana da faɗi daga sama, ta tsuke daga ƙasa, don haka sai da suka rage saman kafin ƙyallayen su daidaita. Uwar ta jera su, ta haɗe, ta cike giɓi da yadin buhu, ta fitar da bargo mai tsawon inci 90 da faɗin inci 69. Bayan shekaru da yawa Arlonzia ta ba da labarin cewa niyyar mahaifiyarta biyu ce: ta riƙa tuna mijinta, ta kuma riƙa lulluɓa da abin da ya bari saboda ƙaunar da ke tsakaninsu. Yau gidajen tarihi ne ke baje kolin bargon nan, mai kallo kuma yana iya ganin tabon ƙasar gona a inda gwiwar mutumin ta riƙa durƙusawa.

Sana'ar tsohuwa ce a Amurka. Bargon hawa uku gare shi. Na sama, wato fuskarsa, ƙananan ƙyallaye ne da aka yanka aka jera aka haɗe har suka zama faffaɗan zane. Na tsakiya auduga ce a shimfiɗe. Na ƙasa shafi ne, galibi yadi guda. Sai a bi da allura a ratsa hawa ukun da ƙananan ɗinki, layi bayan layi, don kada audugar ta dunƙule idan an wanke. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifidi ranar hawan sallah a Kano ko Katsina ko Damagaram ya ga wannan dabarar da idonsa, domin da ita ake yin lifidin doki: yadi sama, yadi ƙasa, cushe a tsakiya, ɗinki ya riƙe. Hausawa sun kai dabarar fagen daga, Amurkawa suka kai ta ɗakin kwana.

A cikin duk abin da ake iya miƙa wa wanda aka yi wa rasuwa, kaɗan ne suka kai wannan bargo ma'ana. Yana da amfani, ba ya ruɓewa, ba ya buƙatar mai bayarwa ya iya magana. Amma darajarsa tana cikin tsohon ƙyalle ne, wanda ya taɓa jikin mamacin. Sabon yadi yana da nasa aikin, aiki babba ma kuwa, sai dai aikin bara ne a gidan, ba na maigida ba. Kasuwar yadi ta zamani tana ƙoƙarin juya wannan tsari, kuma a wurare da yawa ta yi nasara.

Ƙauyen su Missouri, Gee's Bend, ya samo sunansa daga Joseph Gee, wanda ya kafa gandun auduga a wurin a 1816. Daga baya gandun ya koma hannun Mark Pettway, shi ya sa jikokin bayin da suka noma shi da yawa ke amsa sunan Pettway har gobe. Talauci ya yi wa wurin katutu, gidajen katako ne da iska ke ratsawa, mace kuma ba ta da kuɗin yadi. Idan wandon miji ya mutu, sai ya koma bargo. A 1962 hukuma ta dakatar da jirgin fiton da ke haɗa ƙauyen da garin Camden, a daidai lokacin da baƙaƙen fata ke tsallakawa neman rajistar zaɓe, kuma bai dawo aiki ba sai 2006. Wannan keɓewa ta sa matan suka ci gaba da ɗinki a kan son ransu, ba tare da littafin zane ko malamar ɗinki ba. Da aka kai bargunansu gidan tarihi na Houston a 2002, daga nan zuwa gidan tarihi na Whitney a New York, masana zane suka yi ta kwatanta su da manyan masu zanen zamani. A 2006 gidan waya na Amurka ya buga hotunan goma daga cikinsu a kan kan sarki.

Mafi girman bargon tunawa a duniya kuwa a birni aka haife shi. A watan Nuwamba na 1985, a San Francisco, wani ɗan gwagwarmaya mai suna Cleve Jones yana shirya jerin gwanon tunawa da ɗan majalisar birnin Harvey Milk da magajin gari George Moscone, waɗanda aka harbe a 1978, sai ya ji cewa mutanen birnin da ƙanjamau ta kashe sun haura 1,000. Ya roƙi masu jerin gwanon kowa ya rubuta sunan wanda ya rasa a kwali. Suka liƙa kwalayen a bangon wani ginin gwamnatin tarayya, shi kuma da ya ja baya ya duba, sai ya ga fuskar bargon ƙyallaye. A lokacin cutar abin ɓoyo ce ƙwarai a can. Akasarin waɗanda ta fara kashewa 'yan luwaɗi ne da masu yi wa kansu allurar ƙwaya, ko da yake ta haɗa har da jarirai da waɗanda aka yi wa ƙarin jini. Wasu kamfanonin jana'iza sun ƙi karɓar gawa, wasu iyalai sun ƙi faɗin abin da ya kashe ɗansu. Jones ya yi falle na farko da sunan abokinsa Marvin Feldman, aka kuma tsayar da awo guda ga kowa: ƙafa 3 a ƙafa 6, girman kabari.

Ranar 11 ga Oktoba, 1987 aka shimfiɗa falle 1,920 a babban filin da ke tsakiyar birnin Washington, aka yi ta karanta sunaye da ƙarfi. Shekara guda bayan nan sun kai 8,288. A 1996 suka rufe filin baki ɗaya, kuma daga nan ba a sake iya shimfiɗa shi gaba ɗaya a wuri guda ba. Yanzu yana da falle kusan 50,000, sunaye kimanin 110,000, nauyinsa ya kai tan 54. Abin da mutane suka ɗinka a jiki ya isa a tsaya a duba: wandon jins, rigar aiki, zoben aure, 'yar tsanar yaro, gashin kai, har da tokar gawar da aka ƙona. Ma'aikatar lafiya tana iya cewa mutum dubu kaza sun mutu, kowa ya kaɗa kai ya wuce. Rigar mutum guda da aljihunta ya yage ba ta barin a wuce haka.

Sai dai wannan na dandali ne, babu mai lulluɓa da shi. Na cikin gida, wanda ake ba gwauruwa ko maraya, hukuncinsa daban, domin da shi za a kwana a tashi. Akwai wani misali a Kentucky da ke nuna inda iyaka take. Wajen 1843 Elizabeth Roseberry Mitchell, wadda ta rasa 'ya'ya maza biyu, ta ɗinka bargo mai launin ƙasa-ƙasa, ta zana maƙabarta mai shinge a tsakiyarsa, ta jera ƙananan akwatunan gawa a gefe-gefe, kowane da sunan wani ɗan gidan. Duk wanda ya rasu sai a ɓalle nasa a mayar da shi cikin shingen. Ƙungiyar tarihi ta Kentucky ce ke ajiye da shi a Frankfort. Aiki ne mai ban mamaki, amma da wuya a sami wanda zai so a ba shi irinsa kyauta. Bargon Missouri yana tuna yadda mutum ya rayu, na Elizabeth yana ƙirga waɗanda suka rage. Na farkon ne ya dace da kyauta.

To ina sabon yadi ya shigo?

Ya shigo tun farko, kuma sau da yawa shi ke buɗe wa mai ɗinki ido. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kamfanonin fulawa da na abincin kaji suka lura mata na yin riga da bargo da buhunansu na auduga, sai suka fara buga furanni a jikin buhun. Ta kai ga mace ce ke zaɓa wa miji buhun da zai saya, don ya dace da wanda ke gida. Misali mafi kyau kuma ya sake fitowa daga yankin Gee's Bend. A 1966 matan wurin da na maƙwabta suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee, a 1972 kuma kamfanin Sears ya ba su kwangilar ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri, ɗan'uwan karammiski mai layi-layi. Aikin kwangilar ba shi da armashi, awo ɗaya ne ake ta maimaitawa. Amma ragowar yadin matan ke tafiya da shi gida, ga shi da launuka masu ƙarfi: ja, ruwan zinariya, kore irin na fiya, shuɗi. Yadin yana da kauri, ba ya son a yanka shi ƙanana ko a karkace, amma yana yagewa tsaf idan aka bi layinsa. Dole ta sa matan suka koma manyan ƙyallaye dogaye, kuma daga wannan dolen aka sami wasu daga cikin bargunan da aka fi yabawa a yau. Halin yadin ne ya faɗa musu zanen da za su yi.

Wannan shi ne ilhamar gaske da sabon yadi ke bayarwa. Wadda kasuwa ke sayarwa kuwa wata aba ce daban.

Ɗinkin bargo a Amurka yanzu babbar harka ce. Wani bincike da masu sana'ar suka yi a 2017 ya ƙiyasta kasuwar a dala biliyan 3.7 a shekara, masu ɗinkin kuma tsakanin miliyan 7 zuwa 10. Ya nuna cewa wadda ta fi kashe kuɗi a harkar mace ce mai shekara 63 a matsakaici, wadda ke da yadin kusan dala 6,000 jibge a ɗaki. An daɗe ana taron baje koli a Houston duk kaka, 'yan kasuwa su fara, sannan dubun-dubatar masu sha'awa su biyo baya. Garin Paducah na Kentucky ya buɗe gidan tarihin barguna a 1991. Tun da kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai gare-gare a 1979, yankan da ke cin mako ya koma na yini guda. Kamfanoni irin su Moda suka ƙara sauƙaƙa abin: suna sayar da yadi a yanke, tsiri 40 masu faɗin inci biyu da rabi a nannaɗe, duk launukan an riga an daidaita su. Ana fitar da sababbin zane sau da yawa a shekara, akasari bugu ɗaya, idan ya ƙare ya ƙare. Matan da ke zirga-zirga a Kantin Kwari gab da sallah ba sa buƙatar a yi musu bayanin yadda yayi ke zare kuɗi daga jaka.

Babu laifi mace ta so sabon yadi, kuma wanda bai taɓa jin daɗin warware turmin atamfa ba kada ya yi saurin zargi. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka kawo jakar kayan mamaci. Rigar tsoho mai ruwan toka da ta koɗe ba ta shiga cikin launukan da kamfani ya daidaita. Mai ɗinki tana son aikinta ya yi kyau a hoto, sai ta ɗauki ɗan ƙyalle kaɗan daga rigar ta saƙala a kusurwa, sauran duk sabo. A ƙarshe a sami bargo mai ɗaukar ido wanda ɗiyar mamacin za ta duba ba ta ga mahaifinta ba. Ita ba kyau take nema ba. Tana neman rigar da yake sawa ranar kasuwa, da wurin da tawadar biro ta zuba a aljihu. Tsari mai kyau shi ne a fara shimfiɗa tsofaffin a ƙasa, a dube su da kyau, sannan a ɗauki ɗaya a tafi kasuwa da shi a nemo sabon da zai fito da shi. Idan aka sayo sabon tukuna sannan aka dawo ana tankaɗe kayan mamaci don a ga wanda ya dace, an riga an kauce.

Wata mai ɗinkin bargo mai suna Bisa Butler, wadda mahaifinta ɗan Ghana ne, ta nuna yadda ake haɗa biyun ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Tana karatun digiri na biyu a New Jersey kakarta ta kwanta ciwo, sai ta ɗinka mata bargo mai siffar kakar da mijinta daga wani tsohon hotonsu. Daga wannan kyauta sana'arta ta tashi. Yanzu tana ɗinka hotunan baƙaƙen fata da tarihi ya manta da su, da kente da leshi da siliki da atamfar da ake bugawa a Holan da Afirka ta Yamma, kuma a 2020 babban gidan zane na Chicago ya baje kolin aikinta. Ba ta zaɓen atamfa don kyanta kaɗai. Tana duba abin da zanen ke nufi a wurin matan kasuwa, ta ɗora shi a kan mutumin da ya dace da shi. Sabon yadi ne fil, amma an sa shi yana ba da labarin wani, ba labarin kamfanin da ya buga shi ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a iya yin bargon da tsohon kaya zalla, kuma kowane tela zai gane shi. Tsohon yadi ya sha wanki, zarensa ya yi laushi, ya gama duk tsukewar da zai yi. Sabo bai fara ba. Idan aka haɗe su haka nan, wankin farko sabon zai tsuke ya ja tsohon, ɗinki ya tattare, wani wurin ya ɓarke. Shi ya sa ake fara wanke sabon a shanya a goge, musamman ja da shuɗi masu zuba. Inda tsohon ya yi shara-shara, ko rigar mai talewa ce, ana liƙa masa irin gam ɗin da teloli ke sa wa wuyan riga. Shafi, da bakin da ake naɗewa, da tsirin da ke raba ƙyalle da ƙyalle, waɗannan su ne wuraren sabon yadi, domin su ke ɗaukar nauyi da gogayya. Ana barin rubu'in inci a kowane haɗi, ana kuma kauce wa hammata da gwiwa idan sun ruɓe, sai dai in tabon da ke wurin shi ne abin da iyalin ke so a bari. Wannan kuwa sai an tambaye su.

Ba Amurka kaɗai ke da wannan ba. A Chile, bayan juyin mulkin 1973, matan da sojoji suka ɓatar da mazajensu da 'ya'yansu sun riƙa ɗinka ƙananan hotuna a kan yadin buhu, wani lokaci da ƙyallen rigar wanda ya ɓata, coci kuma ta taimaka aka fitar da su waje. A Bangal tsofaffin zannuwan mata ake jerawa a ɗinke wa jariri. A jihar Karnataka ta Indiya, Siddi, jikokin 'yan Afirka, suna harhaɗa bargo da tsofaffin kayan iyali.

Ƙasar Hausa tana da duk kayan aikin, al'adar ce kawai ba ta kafu ba. Babu inda yadi ke riƙe tarihi kamar akwatin Bahaushiya. Tana iya ɗaga zannuwanta ɗaya bayan ɗaya ta ce wannan na lefe ne, wannan ankon bikin wance ne, wannan na fitar sunan ɗan fari ne, wannan tsarabar Makka ce. A ɓangaren maza, babbar riga takan mutu ta bar aikinta da rai: shaddar ta tsufa, amma aska takwas ɗin da aka yi wata da watanni ana yi da hannu tana nan daram, kuma da wuya a sami abin da ya fi ta dacewa da tsakiyar bargo. Ga teloli a kowane lungu, ga tulin ƙyallayen da suke sharewa bayan ɗinkin sallah, waɗanda wasu ke ƙarewa cikin matashin kai, sauran a bola da kwata. Ga hunturu da ke sa mutane neman bargon gwanjo, alhali masaƙan luru da gwado sai raguwa suke yi.

Amma mai karatu zai kawo hujjoji, kuma masu nauyi ne.

Ta farko ita ce gado. A Musulunci tufafin mamaci na cikin abin da ya bari, masu rabon gado har hula da takalmi suke yi wa kuɗi. Ba a yarda wata gwaggo mai kyakkyawar niyya ta ɗauki almakashi ta shiga akwatin mamaci kafin a biya bashi, a fitar da wasiyya, a raba ba, balle idan akwai marayu ƙanana. Wannan ba ya hana bargon, yana dai tsara lokacinsa: sai an raba, kowa ya san nasa, sannan wanda ya ga dama ya bayar. Jinkirin ma alheri ne. Masu wannan sana'a a Amurka sun san cewa mutane da yawa kan yi shekara ko fiye kafin su iya buɗe jakar kayan, kuma wanda aka yanka masa rigar uwarsa ba da saninsa ba, ko da sunan ba-zata, ba lallai ya yi godiya ba. Abin da almakashi ya raba ba ya komawa.

Ta biyu ita ce sadaka. An saba a ba da kayan mamaci ga mabuƙata don ladan ya kai gare shi, kuma yanka riga mai kyau alhali wani na yawo da tsumma ɓarna ce, ko da wane suna aka kira ta. Hujjar nan gaskiya ce, kuma ita ce ma ke nuna kayan da suka dace. Masu kyau a bayar. Waɗanda suka koɗe, suka yage, waɗanda ake jin kunyar miƙa wa ko almajiri, su ne na bargo, kuma su ne ma suka fi ɗauke da mutumin, domin su ya fi sawa. Missouri ba ta da wata rigar ado da za ta yanka. Da abin da babu mai so ta yi aiki.

Ta uku ita ce tsoron kada abin ya zama riƙe baƙin ciki, ko neman tabarraki da kayan mamaci. Zaman makoki kwana uku ne, takaba wata huɗu da kwana goma, bayan nan rayuwa ta ci gaba. Wannan iyaka tana da hikima, kuma bargo irin na maƙabartar Kentucky ya tsallake ta. Amma tuna wanda ya rasu ta hanyar abin da ya bari ba baƙon abu ba ne. Littattafan sira sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, Nana Zainab ta aiko da fansar mijinta Abul As, a ciki har da wata sarƙar wuya da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. Da Annabi (SAW) ya ga sarƙar sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai in sun yarda su saki mutumin su mayar mata da kayanta, suka kuwa yi hakan. Bargon da yaro zai lulluɓa da shi ya tuna ya yi wa mahaifinsa addu'a ba wurin ziyara ba ne, ba laya ba ne. Ranar da aka fara jiƙa shi ana sha, ko ana rataye shi don kariya, to ya tashi daga abin da ake magana a kai.

Saura batun wanda zai yi aikin. Bargo na babban mutum yana cin makonni idan da hannu ne, kuma wannan lokacin shi ne rabin kyautar. A Amurka akwai kamfanonin da ake aika wa kaya ta gidan waya su dawo da bargo a gama, sai dai na 'yar'uwa ko maƙwabciya da ta san mamacin ya fi, ko da layinsa ya karkace. Idan kuwa tela za a ba, to a biya shi kuɗin aikin ƙwarai, domin haɗa ƙyalle ɗari ya fi ɗinka riga wahala. Matan Gee's Bend sun ɗanɗana ɗacin wannan: bargunansu sun yi suna, an buga zanensu a kan kayayyaki iri-iri, har ta kai wasu daga cikinsu sun shigar da ƙara a 2007 kan yadda aka tafiyar da hakkinsu.

Akwai ƙaramin aiki na ƙarshe da aka fi mantawa. A 1981 aka fara wani shiri a Kentucky na kiran mutane su kawo tsofaffin bargunan gidajensu a ɗauki hoto a rubuta tarihinsu, sauran jihohi suka bi sahu, daga baya jami'ar jihar Michigan ta tara dubban bayanan a intanet. Gurbin da ya sha zama fayau a takardun shi ne na sunan wadda ta ɗinka, domin jikoki sun gaji bargon ba su gaji labarin ba. Shi ya sa masu sana'ar yanzu ke ɗinka ɗan farin ƙyalle a bayan bargo, a rubuta sunan mamacin, da na mai ɗinki, da gari, da shekara. A gidan Musulmi sai a kula da abu guda: bargo yana shiga wanki, yara na kwana a kai, don haka ba a sa aya ko addu'a a jikinsa. Idan sunan mamacin Abdullahi ne ko Abdurrahman, a sa laƙabin da aka san shi da shi a gida, cikakken sunan kuma a rubuta a takarda tare da bayanin rigar da kowane ƙyalle ya fito, a haɗa a miƙa wa mai kyautar.